Daga Fada Zuwa Tsakar Gida: Tsokaci a Kan Wasan Ban-Tausayi na Cikin Gida a Ingila, 1592-1621

1.0 Gabatarwa

Tsakanin 1576, lokacin da James Burbage ya gina gidan wasansa a bayan garin Landan, da 1642, lokacin da majalisar dokokin Ingila ta rufe gidajen wasa, an rubuta ɗaruruwan wasannin kwaikwayo cikin harshen Ingilishi. Abin da galibin ɗalibanmu suka sani daga wannan zamani shi ne wasannin Shakespeare irin su *Macbeth* da *Julius Caesar*, waɗanda ke magana a kan sarakuna da mayaƙa da juyin mulki. To amma akwai wani ɗan ƙaramin rukuni na wasanni da ya kauce wa wannan hanya, ya bar fada ya shiga gidan ɗan kasuwa da na mai gona, ya ɗauko kisan kai da cin amana tsakanin miji da mata, ko uba da 'ya'ya, ko bara da ubangidansa. Wannan rukuni shi ake nufi a nan da wasan ban-tausayi na cikin gida.

Manufar wannan takarda ita ce ta gabatar da waɗannan wasanni ga mai nazarin adabi da Hausa, sannan ta auna wani ra'ayi da ya daɗe a tsakanin masana, wato cewa wasannin wa'azi ne kawai da aka ɗora a kan dandamali. Za a fi mayar da hankali ga *Arden of Faversham*, domin shi ne mafi daɗewa a cikin waɗanda suka iso gare mu, kuma a nawa ganin shi ne mafi ƙarfi.

2.0 Matsalar Suna

Marubutan wasannin ba su ware musu wani suna na musamman ba. Manazartan ƙarni na goma sha tara ne suka yayata sunan da ake kiran su da shi yanzu. A ɓangarenmu kuwa, an saba fassara kalmar Ingilishi da ke nufin wasa mai mummunan ƙarshe da "ban-tausayi", kishiyar "ban-dariya". Wannan fassara tana da giɓi biyu. Na farko, Aristotle ya ambaci abu biyu ne da irin wannan wasa ke tayarwa a zuciyar ɗan kallo, tausayi da tsoro, alhali kalmarmu ta ɗauki ɗaya ta bar ɗaya. Giɓi na biyu shi ya fi shafar wannan nazari. Idan Bahaushe ya ce abu na da ban tausayi, bai damu da matsayin wanda abin ya faɗa wa ba, sarki ne ko almajiri. Ga Baturen Ingila na ƙarni na goma sha shida kuwa, kalmar tana ɗauke da sharaɗin matsayi: labarin faɗuwar babban mutum ce daga ƙololuwar daula zuwa halaka. A kan wannan fahimta aka gina *A Mirror for Magistrates* (1559), tarin waƙoƙi a kan manyan da suka faɗi. Shi ma Philip Sidney, a littafinsa na kare martabar adabi da aka buga a 1595, ya nuna cewa amfanin irin wannan wasa shi ne ya tsoratar da sarakuna daga zalunci.

Sai an san wannan kafin a gane abin da ya sa marubutan da muke magana a kansu suke neman afuwa. Jawabin rufewa na *Arden* ya roƙi 'yan kallo su yi haƙuri da wasan da ya zo musu babu ado babu ƙawa, bisa hujjar cewa gaskiya ba ta bukatar kwalliya. Haka Thomas Heywood ya buɗe nasa wasan da gargaɗin kada kowa ya sa ran ganin alfarmar sarauta. Mai karatun da ya saba da *Uwar Gulma* na Mohammed Sada ko *Jatau Na Kyallu* na Shu'aibu Maƙarfi zai yi mamakin wannan neman afuwa, domin rubutaccen wasan Hausa tun da wuri a zaure da tsakar gida ya zauna, ba tare da wani ya ga abin ba da haƙuri a ciki ba. A Ingila ta wancan lokaci kuwa sai da aka yi jayayya kafin a yarda cewa mutuwar jami'in kwastan ta cancanci irin harshen da ake kashewa a kan mutuwar sarki.

3.0 Wasannin da Tushensu

Waɗanda suka tsira ba su da yawa. Bayan *Arden* (1592), akwai *A Warning for Fair Women* (1599), a kan kisan wani ɗan kasuwar Landan, George Sanders, wanda George Browne ya yi a 1573 saboda son matarsa. Akwai *Two Lamentable Tragedies* (1601), wanda rabinsa labarin Thomas Merry ne da ya kashe maƙwabcinsa, mai kanti Robert Beech, a 1594. Sai *A Woman Killed with Kindness* na Heywood, wanda aka yi a 1603 aka buga a 1607, da *A Yorkshire Tragedy* (1608), da kuma *The Witch of Edmonton* na Rowley da Dekker da Ford, wanda aka yi a 1621 amma ba a buga shi ba sai 1658. Wasu sun ɓace, sunayensu kaɗai suka rage. Alal misali, kundin lissafin Philip Henslowe, mai gidan wasa na Rose, ya nuna cewa a 1599 ya biya Ben Jonson da Thomas Dekker ladan rubuta *Page of Plymouth*, labarin wani attajiri da matarsa ta sa aka kashe.

In ban da na Heywood, dukkansu a kan abin da ya faru da gaske aka gina su, ko dai gaba ɗaya ko wani sashe. Marubutan sukan samo labari daga littattafan tarihi, da 'yan ƙasidun da ake bugawa da zarar an rataye mai laifi, da waƙoƙin falle guda da ake sayarwa a titi. Wani lokaci ko jinin bai gama bushewa ba: an rataye Elizabeth Sawyer bisa zargin maita a watan Afrilu na 1621, kuma kafin shekarar ta fita an nuna ta a dandamali.

A 1943 Henry Hitch Adams ya wallafa littafin da ya daɗe yana jan ragamar nazarin wannan fanni. A ra'ayinsa zubin wasannin ɗaya ne da zubin huɗubar coci: mutum ya yi zunubi, ikon Allah ya tona asirinsa, ya tuba, hukuma ta zartar masa da hukunci, a bar shi da fatan rahama. Ba a rasa hujja ba. A cikin *A Warning for Fair Women*, da kuma littafin da Heywood ya rubuta a 1612 don kare 'yan wasa, an kawo labarin wata mata a garin Lynn wadda ta ga an kwaikwayi kisan miji a dandamali, sai ta fashe da kuka ta amsa cewa ita ma ta kashe nata. Masu gidajen wasa suna bukatar irin wannan labari, domin malaman addini masu tsanani da hukumar birnin Landan sun daɗe suna zarginsu da ɓata tarbiyya. Sai dai abin da aka rubuta a bangon littafi don kare kai daban, abin da wasa ke nunawa idan an ɗaga shi daban.

4.0 Gida a Idon Shari'a

Kalmar "cikin gida" tana iya sa a zaci ana maganar abin da bai shafi hukuma ba ne. Ba haka abin yake ba. Littattafan tarbiyyar iyali na zamanin, kamar wanda aka buga a 1598 da ake dangantawa da Robert Cleaver da John Dod, sun kwatanta gida da 'yar ƙaramar ƙasa, maigida shi ne sarkinta, mata da 'ya'ya da barori su ne talakawa. Shari'a ma a kan haka ta tafi. Dokar cin amanar ƙasa ta 1351, ta zamanin Sarki Edward na Uku, ta ware wani laifi da ake kira ƙaramin cin amana, wanda ya ƙunshi matar da ta kashe mijinta, da baran da ya kashe ubangidansa, da malamin cocin da ya kashe shugabansa. Hukuncin mace a wannan laifi shi ne a ƙone ta. Mijin da ya kashe matarsa kuwa kisan kai kawai ya yi, rataya ce hukuncinsa. Ba a daina ƙone mata ba sai 1790, laifin kansa kuma ba a soke shi ba sai 1828.

Daɗin daɗawa, binciken da J. A. Sharpe ya yi a kan takardun kotunan lardin Essex (1981) ya nuna cewa mazan da suka kashe matansu sun fi matan da suka kashe mazansu yawa nesa ba kusa ba. Amma kamar yadda Frances Dolan ta lura a 1994, ƙasidu da waƙoƙi da wasannin zamanin sun fi karkata ga matar da ta kashe miji. Ke nan abin da ya cika dandamali shi ne abin da masu gida ke tsoro, wato maƙiyin da ke dafa maka abinci, ya riƙe maka mabuɗi, ya kwana a ɗakinka.

5.0 *Arden of Faversham*

5.1 Labarin

Thomas Arden jami'in kwastan ne a Faversham, wani gari mai tashar jiragen ruwa a lardin Kent, ya kuma taɓa riƙe muƙamin magajin gari. An kashe shi a cikin gidansa a tsakiyar watan Fabrairu na 1551. Labarin ya shiga babban littafin tarihin Raphael Holinshed (1577, bugu na biyu 1587), inda marubucin ya ga ya wajaba ya ba da uzurin sa al'amarin gidan wani mutum a tsakanin labaran sarakuna. Daga nan mai wasan ya ɗauko shi. Ba a sa sunan kowa a bugun 1592 ba. Tun 1770 wani mutumin Faversham, Edward Jacob, ya ce Shakespeare ne ya rubuta, wasu suka ce Thomas Kyd ne, kuma a 2016 sabon bugun ayyukan Shakespeare na Oxford ya shigar da wasan a matsayin aikin haɗin gwiwa, bisa hujjar salon tsakiyarsa, musamman fitowa ta takwas. Masana ba su haɗu a kan wannan ba.

Zubin wasan jerin yunƙurin kisa ne da ke ta wargajewa. Alice, matar Arden, da kwartonta Mosby sun fara da sa guba a romo, Arden ya ɗanɗana ya ji wani iri ya ture. Aka yi hayar 'yan ta'adda biyu, Black Will da Shakebag. Suna cikin dakon Arden a Landan sai wani yaron kanti ya sauke murfin tagarsa a kan Black Will ya fasa masa kai. Michael, baran Arden, ya yarda zai bar ƙofa a buɗe da dare, tsoro ya kama shi ya yi kururuwa, aka tashi aka kulle. A hanyar komawa gida wani basarake da jama'arsa suka ɓullo daidai lokacin da za a yi harbi. A wani karon hazo ya sauka, Shakebag ya afka cikin rami. Mai kallo zai yi ta dariya, kuma wannan dariya tana cikin dabarar wasan, domin tana sa a shagala har a fara ƙosawa a ga an gama aikin. Da aka rasa sa'a a waje sai aka dawo gida. Arden na zaune yana buga wani wasa mai kama da dara da Mosby, Black Will ya fito daga ɗakin lissafinsa ya shaƙe shi da tawul, sauran suka sassoke shi, Alice ce ta ƙarshe.

5.2 Ƙasa da Matsayi

Shafin take na bugun farko ya ɗora laifin duka a kan muguwar mace mai bin sha'awa. Amma maganar farko da aka yi a wasan ta ƙasa ce: Franklin, abokin Arden, yana miƙa masa takardun mallakar filayen gidan ruhubanawa na Faversham. Wannan gida yana cikin waɗanda Sarki Henry na Takwas ya rushe tsakanin 1536 da 1540 ya ƙwace dukiyarsu, aka yi ta sayar da ita ga masu hanya a gwamnati. A tarihi, Alice agola ce a gidan Sir Edward North, wanda ya shugabanci hukumar da ke kula da waɗannan filaye, kuma Arden ya yi aiki a ƙarƙashinsa. Holinshed ma ya ce Arden ya san abin da matarsa ke yi, ya kau da kai don kada ya rasa alfarmar danginta, ya kuma ce ya jawo wa kansa baƙin jini da ya mayar da kasuwar shekara ta garin cikin filinsa don ya ci ribar shi kaɗai.

Mai wasan ya sassauta zancen kau da kai, amma ya ƙarfafa zancen ƙasa. Greene, wanda ya nemo 'yan ta'addan, ba ruwansa da soyayyar kowa: gonarsa ce ta faɗa cikin abin da aka mallaka wa Arden, Alice kuma ta ba shi fam goma, da alkawarin ƙarin ashirin da mayar masa da gonar. Dick Reede, wani matuƙin jirgin ruwa, ya tare Arden a hanya yana roƙon a bar wa iyalinsa ɗan filin da suke ci daga gare shi, Arden ya kore shi, shi kuma ya yi masa baki cewa filin ya zama ajalinsa. Michael da Clarke mai zane sun shiga maƙarƙashiyar ne don an yi wa kowannensu alkawarin auren Susan, ƙanwar Mosby, kamar wata haja. Idan aka duba da kyau, kusan duk wanda ya sa hannu a kisan yana da abin da yake bin Arden ko abin da yake hange a dukiyarsa.

Shi kansa Mosby tela ne da ya yi sama har ya zama wakilin gidan wani basarake. Abin da ya fi ci wa Arden rai shi ne a ce tsohon mai facin tufafi ne ke neman matarsa. A fitowa ta farko ya fizge takobin Mosby, ya ce doka ba ta yarda mai sana'ar hannu ya rataya takobi ba, ya koma ga allurarsa da dutsen gugarsa. Mosby bai manta ba, domin a lokacin da yake kai masa sara sai da ya tuna masa da wannan gori. A ruwayar Holinshed ma da dutsen guga ya buge shi. Abin lura shi ne, Arden da Mosby jirgi ɗaya ya ɗebo su: dukkansu sababbin shiga ne da suka hau ta hanyar yi wa manya hidima, a zamanin da dukiyar coci ta warwatsu kowa na wawaso.

Fitowa ta takwas ita ce ta fi fito da wannan. Mosby shi kaɗai, cikin zancen zuci, yana lissafin yadda zai kawar da Greene da Michael da Clarke bayan an gama, har ma da Alice, tunda matar da ta kashe miji ɗaya ba abin amincewa ba ce. Sai ga Alice ta shigo da littafin addu'a a hannu tana neman ta janye. Suka yi cacar baki, ita tana yi masa gorin asali, shi yana yi mata gorin auren mai kuɗin da ya rasa saboda ita, daga ƙarshe ta ce za ta yayyage littafin in dai zai huce. Mai wa'azi ba zai bai wa mai zunubi harshe mai daɗi irin wanda aka bai wa Alice ba. Ita ce ke da mafi kyawun baitoci a wasan, har da inda take musun cewa rantsuwar aure tana iya ɗaure zuciya. Catherine Belsey (1985) ta karanta wannan a matsayin alamar jayayyar da ake yi a lokacin a kan ma'anar aure ita kanta.

5.3 Hukunci

A nan ne ra'ayin Adams ya fi samun madogara. Jinin da ya zuba a daɓe ya ƙi kankaruwa. Aka kai gawar bayan gida da fatan dusar ƙanƙara za ta rufe sawu, sai ta tsaya cak. Aka sami ciyawar shimfiɗar ɗaki a cikin takalmin mamacin, aka sami tawul da wuƙar da Michael ya kasa jefawa a rijiya, gawar kuma ta ɓarke da jini a gaban Alice. Duk wannan ya yi daidai da imanin mutanen zamanin cewa jini ba ya ɓoyuwa.

Sai dai hukuncin da ya biyo baya bai daidaita ba. Aka yanke a ƙone Alice a Canterbury, a kashe Mosby da Susan a Landan, alhali Susan ba ta san da shirin ba sai da aka gama. Clarke, wanda ya haɗa gubar, ya tsere ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Mafi muni shi ne Bradshaw, maƙerin zinariya, wanda laifinsa kawai ya kai wa Alice wasiƙar Greene ba tare da sanin abin da ke ciki ba. Ya roƙe ta ta wanke shi, ta amsa da gajeriyar magana cewa ba ta jin ya san abin da ke ciki, ta ce ya ƙyale ta ta ji da lahirarta, magajin gari kuma ya haɗa shi da sauran. Mai wasan yana iya cire Bradshaw ba tare da labarin ya ragu ba, amma ya bar shi. Sannan jawabin rufewa bai ƙare da zancen Alice ba. Da filin Reede ya ƙare, inda aka ce a nan gawar Arden ta kwanta, kuma siffar jikinsa ta zauna a kan ciyawar fiye da shekara biyu. Wato mu'ujizar ƙarshe ta wasan a kan wanda aka kashe ta ba da shaida.

6.0 Idan Maigida Ne Ke Riƙe da Wuƙa

A watan Afrilu na 1605 Walter Calverley, mai gidan gado a Yorkshire, ya kashe 'ya'yansa maza biyu ya kuma raunata matarsa. *A Yorkshire Tragedy*, wanda aka buga da sunan Shakespeare amma yawancin masana yanzu ke danganta shi ga Thomas Middleton, gajeren wasa ne mai fitowa goma, kuma manyan 'yan wasansa biyu ba su da suna sai Miji da Mata. Caca ta cinye gadon Mijin, ƙanensa na jami'a yana kurkuku saboda ya tsaya masa a bashi, shi kuma ya yanke cewa gara ya kashe 'ya'yansa da ya bar su su yi bara. A nan ma ƙasa da sunan gida ne tushen bala'in. Wasan ya jingina haukan ga shaiɗan, ya sa Matar ta yafe masa, bai kuma nuna ƙarshensa ba. A zahiri Calverley ya ƙi amsa tuhuma a kotu, aka danne shi da nauyi har ya mutu a York cikin watan Agusta na wannan shekara. Wanda ya mutu ta haka ba a kama shi da laifi ba a idon doka, don haka ba a ƙwace dukiyarsa, kuma ana ganin abin da ya sa ya zaɓi hakan ke nan, tunda ɗansa na uku ya tsira.

Wasan Heywood ya fi wuyar sha'ani, domin babu wanda ya zub da jinin kowa a cikin gidan. Frankford ya ɗauko abokinsa Wendoll, wanda ba shi da hali, ya ba shi ɗaki da doki da bara, Wendoll kuma ya yaudari matarsa Anne. Bara Nicholas ya tsegunta wa maigida. Akwai wata fitowa ta karta inda su ukun ke wasa, kowace kalma ta wasan tana da harshen damo, wadda ita kaɗai ta isa a yi mata takarda guda, kuma za ta ba mai fassara zuwa Hausa wahala ƙwarai. Frankford ya yi ƙaryar tafiya, ya dawo da dare da mabuɗan da ya sa aka ƙera masa, ya same su. Bai kashe ta ba. Ya tura ta wani gidansa mai nisan mil bakwai, da barori da abinci, bisa sharaɗin ba za ta ƙara ganinsa ko 'ya'yanta biyu ba, ya sa aka kwashe duk abin da zai tuna masa da ita, har molonta ya aika mata a hanya. Anne ta sa aka fasa molon a jikin ƙafar keken doki, ta daina cin abinci. Sai da tana gargara ya zo ya mayar mata da sunan mata da na uwa.

Sunan wasan yana nufin matar da aka kashe da kirki, kuma masu nazari sun rabu a kan ko Heywood yabon Frankford yake yi ko tuhumarsa. Ni dai na fi karkata ga cewa ya bar ƙofar a buɗe da gangan, saboda ƙaramin labarin da ya jera da babban. A can, Sir Charles Mountford, wanda bashi ya yi wa katutu bayan ya fito daga kurkuku, ya yi wa ƙanwarsa Susan ado ya kai ta ga abokin gabarsa Sir Francis Acton a matsayin biyan bashi, Acton kuma ya ji kunya ya aure ta. Wannan Acton ɗan'uwan Anne ne, kuma yana cikin waɗanda suka tsaya a bakin gadonta suna yaba wa Frankford da sassauci.